Zabarmancin da Ya Rage Mini

Daren Talata, Madarunfa

Tun da aka kawo Hamsatu ajina, ɗiyar sabon jandarma, ba ta buɗe baki ba. Ba ta jin Hausa, sai Zabarmanci. Yau ubanta ya ce gara ya maida ta ƙauye wurin kakarta.

Sai na tuna lakwal ɗinmu ta Yamai, inda Zabarmawa, Fulani da Buzaye ke cika mini aji, suna dariya in na kwaikwayi yarensu. Kai, ina kewar hayaniyar nan!

Na duƙa na gaishe ta da Zabarmanci: "Mate ni go?"

Ta ɗago kai, ta yi ta zuba.

Yara suka ce, "Madam, me ta ce?"

Wallahi ban gane komai ba. Na ce, "Ta ce gobe za ta dawo."