Bargon Ammu Sabir

Juma'a, 13 ga Disamba, 2013. Unguwar Ainu Shams.

Da la'asar sanyi ya tsananta, na ji tsoron kada famfonmu na saman bene ya daskare, sai na naɗe shi da wani tsohon bargo da na gani a kan igiya. Ashe na Ammu Sabir mai gadi ne. Ya hawo yana zagi, ya kwaɗa mini mari. Na ce, "Ma'alish, Ammu," wato "yi haƙuri, Baffa" da Larabci, ya ƙara mini wani. Na hankaɗa shi, ƙeyarsa ta bugi bakin famfon, jini ya ɓalle.

Ɗinki biyar aka yi masa. Mutumin nan sa'an babana ne. Da na je gaishe shi, matarsa ta dube ni, ta rufe ƙofa.