Sunanki a Iƙamar Abbanki

Zuwa ga 'yata Walida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki da malaminki, wanda ban taɓa gani ba amma na fi jin labarinsa a bakinki fiye da na kowa.

"Umma, wallahi wannan shekarar ba za ta canja komai ba. Ranar da kika ce in zo, zan ajiye abin da ke hannuna in zo." Maganarki ce wannan. Kin faɗe ta a kicin ɗinmu na unguwar Hindawiyya a nan Jidda, kina yanka mini albasa, lokacin da kike neman yardarmu. To, na ce ki zo. Na faɗa a waya, na faɗa a saƙon murya, na rubuta. Abin da nake samu shi ne "in sha Allah, Umma" da hoton fure. Tunda na lura ba abin da nake sakawa a shafina na intanet da yake wuce ki, ga shi na ajiye miki a nan, ki karanta tare da jama'a.

Bari in maimaita bayanin da kika yi mana, ko ƙawayena masu tambayata a ɓoye ko faɗuwa kika yi a jarrabawa za su huta. Kin ce a makarantarku ta likitanci a Ingila, wanda ya kai tsakiyar karatu yana iya dakatawa, ya ɗauki shekara guda ya zurfafa a fanni ɗaya, a ba shi digiri na daban, sannan ya koma ya ƙarasa likitancin. Ke kin zaɓi ilimin zuciya da hanyoyin jini. Abbanki ya ce, "Wato dai shekara ta ƙaru." Ni ce na tsaya miki. Na nemo littattafai na Larabci da na Turanci na karanta, har na iya bambanta jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya da wadda ke dawo da shi, don kada wani ya kayar da ni a gardama a kanki.

Ban yi mamakin zaɓinki ba. Kina 'yar firamare, ranar layya, yara suna rububin gasasshiyar hanta, ke kika sace zuciyar ragon kika shige bayan tankin ruwa da wuƙar kicin. Na same ki kin tsaga ta, kin cusa yatsa a wani rami yana fitowa ta wani. Ko tsoron duka ba ki ji ba. Kika ɗago kika ce, "Umma, ɗakuna huɗu ne a ciki, kuma da ƙofofi." Na yi miki faɗa saboda rigar Sallah, amma da yamma sai da na ba maƙwabta labari.

Yanzu ga abin da ake ciki, ko da yake kin sani. Tsohon kafilin Abbanki, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya rasu, 'ya'yansa za su rufe ofishin unguwar Bagdadiyya inda Abbanki ya yi aiki tun kafin a haife ki. Allah Ya taimaka ya samu wani kafilin a unguwar Madain Fahd da ya yarda ya ɗauke shi. Sai mai bin takardunmu ya dawo ya ce maganar ta tsaya. Sunanki yana ƙarƙashin iƙamar Abbanki, wato takardar izinin zamansa a ƙasar nan, ke kuma kina waje, bizarki ta fita da dawowa ta kusa ƙarewa. Ya ce hanya biyu ce: ko ki shigo ki taka ƙasa a gama komai kina nan, ko a cire sunanki a ci gaba ba ke. Sabon kafilin ba ɗan uwanmu ba ne, ba zai yi ta jira ba. In ya janye, ba Abbanki kaɗai zai zauna ba takarda ba, har da ni, har da ƙanwarki Asma'u da ke ajin ƙarshe.

Ke kuma amsarki ita ce ƙwayoyin halittar zuciya da kike reno a ɗakin bincike. Na ga bidiyon da kika turo, na kalle shi sau da yawa, ba zan ɓoye miki ba. 'Yan halittu a cikin faranti, ba jiki ba jini, suna motsi tare kamar an ba su umarni. Na yi tasbihi. Kin ce sai an canja musu ruwan abinci a kan lokaci, in an yi sakaci su mutu, aikin watanni ya lalace, digirin ya tafi. Na yarda. Amma ke kaɗai ce mai hannu a ɗakin binciken nan? Wannan yarinyar da kike cewa kuna raba abincin rana, hannunta a ɗaure yake? Ranar da mura ta kwantar da ke, wa ya ciyar da su?

Na haife ki, Walida, na san inda kike ɓoye abu. Ba hana ki malaminki ya yi ba. Ba ki tambaye shi ba ne.

Kuma na san dalili. Kina jin nauyin ki tsaya gaban Bature mai furfura ki yi masa bayanin mene ne kafili. Ki ce masa garin da aka haife ki, inda aka yi miki suna, inda kika yi rarrafe, sai da izini kike shigarsa, kuma izinin yana rataye da aikin mahaifinki, aikin kuma yana rataye da sa hannun wani. Sun san ki a matsayin yarinyar Jidda mai ƙwaƙwalwa, wadda take kawo musu dabino bayan hutu. Kin fi son su tsaya a nan. Mu muka koya miki kada ki kai kukanki gaban babba, kada ki buɗe cikin gida a waje, kuma kin koya fiye da yadda muka so. Amma wannan ba sirrin gida ba ne, 'yata. Tsarin ƙasa ne, ba mu muka rubuta shi ba, ba kuma abin kunyarki ba ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nazarin yadda ƙofa ɗaya in ta toshe jini duka yake tsayawa ba zai kasa fahimta ba.

Abbanki ya hana ni matsa miki. "A bar yarinya ta yi karatunta," abin da yake cewa ke nan, sannan ya ɗauki makulli ya fita kamar mai zuwa aiki, alhali na san masallaci yake zuwa ya zauna. Ya daina ƙarasa abinci. Na ga ya fara auna hawan jininsa a ɗaki yana rufe ƙofa, in na tambaya ya ce na'urar ce take da matsala. Ke kin fi ni sanin abin da irin wannan zama yake yi wa jijiyoyin mutum mai shekarunsa. Ke ce kika zana mini shi a bayan kwalin shayi.

Ki kuma yi tunanin abin da cire suna yake nufi. Fasfonki na Najeriya ne, ƙasar da aka taɓa kai ki sau ɗaya, kika yi zazzaɓi, kika yi ta kuka kina cewa a mayar da ke gida. In aka cire ki, gidan nan zai zama wurin da kike zuwa da bizar baƙi, ana ƙirga miki kwanaki. Kabarin kakarki da kika ci sunanta yana nan. Ɗakinki yana nan, ban bar Asma'u ta taɓa ko littafi ɗaya ba.

Ke ce ta fari, kuma a al'adarmu uwa ba ta nuna ɗokin ɗan fari a gaban mutane. Shekarun nan duk na kiyaye. Yau na ajiye. Ina kewarki har ina zuba shinkafa da yawa a tukunya ban sani ba. Ina alfahari da ke, ina kuma jin haushinki, duka biyun a ƙirji ɗaya, ki duba littattafanki ko akwai sunan wannan ciwon. Ba cewa na yi ki bar digirin ba. Na fi kowa son in gan shi a bango. Kwanaki kaɗan nake nema, ki zo, a gama, ki koma.

Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya buɗe miki baki a gaban wanda kike jin nauyinsa, Ya sa ya saurare ki da rahama. Allah Ya raya abin da kike reno a farantan nan, Ya sa a amfana da shi bayan ba mu. Allah Ya ba Abbanki lafiya da kwanciyar hankali.

Ina jiran hoton tikitinki zuwa ranar Juma'a mai zuwa, kafin la'asar. In bai zo ba, ranar Lahadi da safe zan sa abayata in raka Abbanki wurin mai bin takardu. Shi ba zai iya furtawa ba, na san shi, zai tsaya yana kallon ƙasa. Ni zan ce a cire sunanki, da bakina, halas, magana ta ƙare. Kada ki sa ni, Walida.

Wassalam.
Ummanki,
daga Hindawiyya, Jidda.