Kwandon da Malam Me-Ya-Sa Bai Ƙarasa Ba

Cikin alhini da miƙa lamari ga Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Mata Masu Saƙar Kwando da Tabarma ta samu labarin rasuwar ɗanmu, mai girma Mataimakin Daraktan Sashen Kula da Baƙi na Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta Ƙasa, wanda mu a rumfunanmu wannan dogon muƙami ya fi ƙarfin bakinmu, Malam Me-Ya-Sa muke kiran sa, shi kuma yana amsawa.

Sunan ya samo asali ne tun ranar da ya fara kawo mana motar baƙi. A da, da an ce ma'aikata za ta turo baƙi, sai mu share rumfa, mu cusa kaba da basilla da kwanon rini a ƙarƙashin benci, mu ci ado mu naɗe hannu, don a ganinmu ba a tarbar baƙo da tarkace. Su ɗauki hotonmu, su yi murmushi, su koma mota hannu rabbana. Marigayi kuwa sai ya leƙa ƙarƙashin bencina, ni mai magana da yawun ƙungiya, ya tambayi me ya sa muke ɓoye kaba, me ya sa ake jiƙa ta, me ya sa yatsuna suka yi ja. Na ce masa ko jikana da ya fara magana bana bai kai shi tambaya ba. Ya tuɓe kwat, ya ja 'yar kujera ya zauna, ya ce a koya masa. Basilla ta soke shi, kwando ya karkace, baƙi suka kewaye shi suna dariya, can wata ta ce ita ma za ta gwada. Ranar har kwandon da muke zuba shara sai da aka taya.

Shi ne ya yi tsayin daka a ofis har aka sa layinmu cikin hanyar da motar ke bi, wanda daga nan mai rini, da tela, da mai sayar da ruwan sanyi, da direbobin tasi suka samu abin kaiwa gida, 'ya'yanmu mata kuma suka daina raina saƙa. Mu ma mun taɓa juya masa tambayarsa, muka ce me ya sa mutum zai ƙetaro teku don ya kalli tsohuwa tana saƙa. Ya ce yana kan bincike. Allah bai nufa ya kawo mana amsar ba.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai girma Minista, da Babban Sakatare, da ɗaukacin ma'aikata, musamman ga mai ɗakinsa, 'yarmu, wadda yau za ta san inda maigidanta yake samo sukar basillar da ke yatsunsa. Allah Ya jiƙan sa, Ya kyautata makwancinsa, Ya ba ta, ita da 'ya'yansu da 'yan'uwa, juriyar wannan babban rashi, Ya raya abin da ya bari.

Mun kuma ji ƙishin-ƙishin cewa za a gajarta hanyar motar, daga otal a zarce gidan tarihi. Ba mu zo da ƙorafi a ranar kuka ba. Muna dai sanar da ma'aikata cewa karkataccen kwandon marigayi yana nan rataye a rumfata, bai kai baki ba, mun kuma yi shawara babu wadda za ta ƙarasa shi a cikinmu. Duk wanda aka ɗora a kujerarsa ta ofis, ya sani akwai wata 'yar kujerar a nan tana jiran sa. Mun riga mun jiƙa masa kaba.

Sa hannu:
Iya Mai Basilla,
Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Mata Masu Saƙar Kwando da Tabarma.