Wayar Inna Ba Ta Lalace Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya kai da iyalinka, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan da ke damunka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Yara sun koma makaranta, ƙanwarmu Auta kuma ta samu aikin asibitin da take nema. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannu a wannan zamani. Da gangan na ba abokin aikinka da zai koma gobe ya kawo maka. Da saƙon murya na turo, da ya je ya kwanta inda sauran suka kwanta. Ba gori nake maka ba, Yaya, ni ma halina ke nan.

Maganar Inna ce. Ka tuna bayan rasuwar Baba ka aiko mata da waya don ta ɗebe mata kewa. Ni na koya mata danna wurin magana, tunda idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, na kuma nuna mata cewa in an saurari saƙonta, 'yar alamar da ke gefe za ta koma shuɗiya. Tun daga nan kullum da safe sai ta turo wa kowannenmu nasa: gaisuwa, addu'a, labarin kyanwar maƙwabta, minti biyar, minti shida. Da farko ina amsawa. Daga baya sai in ce zan saurara in na tashi aiki. Daga baya ma na daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Har na ce wa Auta Inna ta buɗe gidan rediyo, muka yi ta dariya. Yau dariyar nan ce take ci mini rai.

Ranar Talata ina ɗakin malamai ina duba littattafan ɗalibai, sai wani mutum ya kira ni ya ce shi mai gyaran waya ne a bakin kasuwa, in ba damuwa in biyo ta shagonsa. Na je na tarar da dattijo mai tabarau a bayan tebur cike da matattun wayoyi. Ya ce sau uku ke nan tsohuwarmu tana zuwa masa a ƙasa da sandarta, tana cewa wayarta ta lalace, alamar ta daina komawa shuɗiya, 'ya'yanta ba sa samun saƙonta. Ya ce zuwan farko ya buɗe ya goge ya mayar mata, na biyu ma haka, don bakinsa ya kasa faɗa mata. A na uku ne ya ɗauki lambata. Ya ce wayar lafiyarta ƙalau. Bai zage ni ba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tsaya a gabansa kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa, ni da nake wuni ina koya wa 'ya'yan mutane girmama iyaye.

Na koma makaranta, na shiga ajin da babu kowa, na fara saurara. Saƙo arba'in da ɗaya, Yaya! A wani tana murna ta zura zare a allura da kanta. A wani ta ce abinci ya daina yi mata daɗi. A wani ta ce santsi ya kwashe ta a banɗaki, ta daɗe a ƙasa kafin ta iya miƙewa, amma kada in tayar da hankalina. Wata guda ke nan da faruwar abin, kuma daga gidana zuwa nata minti goma sha biyar ne. Wanda ya gama da ni shi ne wanda ta manta ba ta ɗaga yatsa daga wurin magana ba. Na ji maƙwabciyarta ta shigo tana tambaya ko muna leƙo ta, Inna ta ce ai kullum muna hira a waya, har mun ishe ta. Nan na kifa kai a kan tebur na yi kuka.

Da na je gidan na tarar da labule a sake da rana tsaka, keken ɗinkinta a lulluɓe, wayar a kan matashi kusa da kanta. Ta rame ƙwarai. Washegari na kai ta asibiti, likita ya ce damuwa ce da kaɗaici suka yi mata yawa, magani kaɗai ba zai yi ba, in aka bar ta haka za ta iya kwanciya. Yanzu kullum in na tashi aiki can nake biyawa, Auta kuma tana zuwa ranar hutunta. Gaskiyar dai na kasa faɗa mata. Da ta ga alamomina sun koma shuɗi sai ta yi ta sa wa mai gyara albarka. Na bar masa, ya fi ni cancanta.

Auta ma ta saurari nata, naka ne suka rage. Ta buɗe wurin hotonka ta nuna mini, ta ce layinka ne bai gyaru ba, ƙila nisa ne, za ta sake komawa shagon. Na ce mata mai gyara ya ce layin nesa sai ya yi mako biyu. Na sake yi mata ƙarya ke nan, kuma tana ƙirga kwanakin. Don girman Allah kada ka aiko mata da komai, kada ka sayo sabuwar waya. Ka zauna ka saurare ta, ka amsa mata da muryarka.

Ka gaishe mini da Anti da yara, musamman takwarar Inna. Maigidana da Kawu da Goggo duk suna gaishe ka. Allah ya ba mu ikon gyarawa tun tana raye. Yau saura kwana tara.

Taka ƙanwa,
Malamar gida