Farar Fitila a Hanyar Baure

Babban Mutum, ranar Alhamis.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, yaya Kano, yaya aiki? Mu nan lafiya lau, mahaifiyarka tana gaishe ka.

Jiya na tsaya ƙauyen surukanka na gaisa da Audi, baban matarka. Iyalinka Haulatu tana nan gidansu tana goyon ciki, kwanakinta sun matso. Malamar asibitin Baure ta ce yaron bai kwanta daidai ba, in naƙuda ta taso kada a zauna gida, a wuce Daura kai tsaye. Mun yi shawara da Audi. Da rana mota ba ta wuya. In kuwa dare ya yi, su fito bakin kwalta wajen kukar nan, su tare ni ina dawowa daga Daura bayan isha'i, in juya da su. Ka san wayar hannun nan ba ta kama ƙauyensu.

Abin da ke damuna fitilar motata ce. Ta yi ja kamar aci-balbal, ta hagun ma sai a hankali. Audi da bakin nan nasa ya raɗa wa motar suna 'Yar Dundumi, har yara sun ɗauka. Makon jiya saura ƙiris in kwashe jaki a kwanar Baure. Shekara da shekaru ina lalube a hanyar nan ban damu ba, amma ba zan lalube da jikana a mota ba. An ce akwai sabon ƙwan fitila mai haske a Kano. Ka nemo mini guda biyu, ka ba direban da ya kawo maka takardar nan.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Ɗantsoho

Babban Mutum, ranar Talata.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri.

Kabo mai wayarin ya ɗaura mini su a tashar Daura shekaranjiya. Kai Auta, ashe da ni makaho ne! Haske fari fat. Ramin da na sani da ƙugu yau ga shi ina gani da ido, tun daga nesa nake kauce masa. Mahaifiyarka da ta leƙo ta ga hasken a bango, sai ta ɗauko mayafi wai baƙi sun zo.

Kasuwar dare ce dai ta mutu. Tun da aka yi fashi a hanyar nan farkon wata mutane suke tsoro, kwana biyun nan babu wanda ya ɗaga mini hannu tsakanin Baure da gida. Ban damu ba, ina tafe ina kallon fitilata.

Ban faɗa wa Audi ba tukuna. Ina so ran Juma'a bayan magariba in tsaya ƙofar gidansa in haske masa fuska, in ji sunan da zai sake raɗawa.

Kowa yana gaishe ka.

Mahaifinka,
Ɗantsoho

Babban Mutum, ranar Asabar.

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Allah ya sa mai ceto ne. Na san yayanka Jafaru ya buga maka waya daga Daura, ka ji cewa yaron bai zo da rai ba. Haulatu tana samun sauƙi, an ƙara mata jini, jiya har ta sha kunu. Mun yi masa sutura ran Alhamis. Namiji ne.

Akwai abin da Jafaru bai faɗa maka ba, don bai sani ba. Gara ka ji daga gare ni.

Naƙudar ta taso ran Laraba da magariba. Audi ya yi duk yadda muka yi da shi: ya ɗauko ta a amalanke, da mahaifiyarta da ungozoma, suka zauna gindin kuka suna jirana. Da suka hango farin haske daga wajen Baure, sai ya ce ba ni ba ne, tawa ja ce, ɗaya ta fi ɗaya. An kuma ce 'yan fashin nan da farar fitila suke yawo. Ga mata uku a hannunsa. Sai ya kashe tocila, suka ja Haulatu cikin gero suka lafe har na wuce. Daga nan suka koma suka ci gaba da jiran 'Yar Dundumi. Sai da dare ya raba suka fid da rai suka kama hanyar Baure a amalanke, ba su kai Daura ba sai da rana ta fito.

Audi yana ta cewa laifinsa ne, ko idona ba ya iya kallo. Kada ka bari ya ɗauki wannan kayan. Duk ƙauyukan hanyar nan da fitila suke gane ni, ni ne ban taɓa tunanin haka ba. Fasinjan da na ce tsoro ya hana su fitowa, ashe ni suke ɓuyar wa. Magana ɗaya ce da zan faɗa masa da safe ina wucewa, na riƙe ta don wasa. Na san abin da Allah ya rubuta ba ya tashi, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Kai ma kada ka ce da ba ka aiko ba. Ni na roƙa.

Ban faɗa wa kowa wannan ba, ko mahaifiyarka. A daren, da na zo daidai kukar, na ga takalmin mace wari ɗaya a bakin kwalta, shuɗi, har maɗaurinsa na gani. Na ce a raina kai, fitilar nan ba abin da take bari. Ban ko rage gudu ba. Da tsohon ƙwan ne ba zan ga takalmin ba, Auta, amma da an tare ni.

Ka zo ka ga matarka. Ka yafe mini.

Mahaifinka,
Ɗantsoho