Askin Lemun Inna

Ƙanina Auta,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kun isa gida lafiya, kai da maman yara da yaran, gajiyar hanya kuma ta bi lafiya. Yaya tarin ƙaraminku? Na ji shi yana yi ranar da kuka zo, ku daina kwantar da shi a gindin fanka. Mu nan lafiya lau, sai zafin ƙarshen bazara, wanda ka ɗanɗana na rabin wuni ka ce ba za ka iya ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ka san Baba, tun da idonsa ya tafi kunnensa ya ninka. Ko a kicin na yi raɗa sai ya ɗaga murya ya tambayi da wa nake magana. Wannan zancen kuwa ba na son ya tsince shi a bakina.

Auta, lemun Inna ka sare.

Na san za ka ce aski ka yi masa kamar yadda ake yi kowace shekara kafin ruwan fari. Bari in tuna maka abin da ka manta, tunda kai ne gwanin da aka ajiye wa zarto. Lemun nan na tsakar gida ɗan aure ne. Gindinsa na lemun tsami ne mai ƙaya. Reshen zaƙin kuwa Inna ce ta tsinko shi daga gidan mahaifinta tana amarya, Baba ya aura shi a kan gindin da hannunsa. Ka tuna yadda yake tsokanarta, wai aure biyu ya yi a shekara ɗaya kuma duka sun kama. Gidan kakan namu an daɗe da rushe shi, an yi shaguna a wurin. Inna ta rasu. A duk duniya babu inda irin lemun nan ya rage sai tsakar gidanmu.

Kowace shekara gindin tsamin yana fitar da tsiro daga ƙasan ƙullin auren. Su ne Baba yake kira ɓarayi, don suna shanye ruwan reshen zaƙi, kuma su ake yankewa ranar aski. To, bara ba ka zo ba, bara waccan ma ba ka zo ba. Ɓarawo ɗaya ya samu sake, ya yi kauri, ya yi kore shar, ya wuce katanga. Reshen Inna ya rame ya koma gefe, ganyensa ya yi rawaya. Na roƙi Baba ya ba ni zarton har na gaji. Ya ce aski aikin Auta ne, ni in riƙe almakashin ɗinkina.

Ranar da kuka zo ina kicin tun safe, ina fama da tukwane don kada yaranka su koma da yunwa. Ina jin ƙarar zarto, ina jin Baba daga kan kujerarsa yana ta sa maka albarka. Ka duba ka ga ƙato mai kyan gani da wani ramamme, sai ka sare ramammen tun daga ƙulli. Kuka jeru gaban ɓarawon kuka ɗauki hoto, kuka ci abinci, kafin la'asar kun kama hanya. Sai da na fito shara na ga kututturen. Na murza ganyen abin da ka bari, ƙamshin tsami ya buge ni. Wallahi a nan na zauna a ƙasa da tsintsiyata.

Na kwashe rassan daga rana, na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, na kai wa mai dashen nan na bakin gada. Ya ce zai zo ya gwada sabon aure, amma kada in sa rai sosai. Kujerar Baba kuwa na mayar masa da ita zaure, na ce masa rina sun yi gida a jikin lemun. Ƙarya ce, kuma ba za ta daɗe ba.

Abu ɗaya nake roƙonka. Ka dawo ranar Asabar ka gaya masa da bakinka. Kai in ka faɗa, zai ce ƙaddara ce, ya tambaye ka ko ka ci abinci. In kuwa ya gano da kansa ba ka nan, ni na san kan wanda abin zai faɗo. A gidan nan kofi bai taɓa fashewa ba sai an ce ni ce.

Ka gaida maman yara, ka shafa mini kan yaran. Maigidana yana gaishe ka.

Yayarka.

Auta,

Bayan gaisuwa, ina fata kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Na ji daɗi da ka ce tarin yaron ya yi sauƙi.

Saƙonka na waya ya iso, gajere kamar kuɗin kowane harafi ake cirar maka. Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Abin da ya iso a madadinka shi ne ɗan dashen lemu a baƙar leda, wanda direba ya sauke mini a ƙofar gida, ya yi laushi don zafin mota. Wai in haƙa rami in dasa kusa da tsohon, Baba ba zai gane ba tunda ba ya gani. Auta, kai ma da ka rubuta haka ba ka ji nauyi ba? Mutumin da yake gane takun kowane jikansa daga zaure, shi za a ba tsiro mai tsawon muciya a ce bishiyarsa ce? Na ajiye maka kayanka a bayan randa, ina ba shi ruwa don ba shi ya yi mini laifi ba.

Mai dashe ya zo da 'yar wuƙarsa. Ya zaɓi rassan da suka fi ɗanye, ya ɓanɓaro idanun tohon da ke jikinsu, ya tsaga bawon ɓarawon a wurare kaɗan ya cusa su, ya naɗe da farar leda. Yana yi yana girgiza kai. Ya ce, "Hajiya, da a ranar aka kawo mini kafin su sha rana, da na ce miki in sha Allahu da ƙarfi. Yanzu dai in sha Allahun a hankali zan faɗa." Ya ce in yi wa wurin inuwa, kada a taɓa, zai dawo ya kwance ya gani. Na rataya tsohon zanin gado a kan igiyar shanya. Safe da yamma ina zuwa in tsaya a kan ledar nan kamar mai jinya.

Ga sauran aikin ƙarshen bazara da ba ya jiran kowa. Hadari yana haɗuwa kullum ya watse. Maigidana ya hau rufi ya toshe inda ke yoyo a ɗakin Baba, ni na share indararo da kwata, na kaɗe katifu, na tayar da kunyoyin bayan gida. Irin tumatir da barkono sun fito a tsofaffin robobi, suna jiran ruwa a dasa su. Famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka da ruwan wanke-wanke nake raya su. Ɗinkin mutane ya taru a kan keke, masu kaya har sun fara gaishe ni sama-sama. Duk wannan babu wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto.

Baba ya ƙosa da zaure. Jiya ya ce wane irin rina ne waɗannan da ba a jin kukansu. Ya kuma ce tunda Auta ya yi aski mai kyau bana, da ruwa ya sauka fure zai cika gidan da ƙamshi, kamar lokacin da Inna take shimfiɗa tabarma a gindin. Ina tsaye da kwanon abincinsa a hannu ya faɗi haka. Na ce masa Allah ya kai mu.

Ba zan ɓoye maka ba, ina jin haushinka, haushi mai yawa. Ba don ka yi kuskure ba, kowa yana yi. Don ka san abin da zuwanka zai sauke mini, kuma ka zaɓi ka aiko direba. Ni ce mai yanke masa farce, ni ce mai ɗiga masa magani, ni nake jin sunanka a bakinsa daga safe har yamma. Ban taɓa cewa ka zo ka karɓe ni ba. Wuni ɗaya kawai na roƙa. Ruwa ya kusa, kuma ranar da ya sauka babu ƙaryar da za ta riƙe Baba a zaure.

Ina gaida kowa da kowa.

Yayarka, mai jiran Asabar.

Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka, da fatan kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Ruwan fari ya sauka shekaranjiya da hantsi. Na ruga bayan gida ina dasa tumatir tun ƙasa tana da laima, har ina jin daɗi, na manta da komai. Da na dawo wanke hannu sai na tarar da kujera babu kowa. Baba ya ɗauki sandarsa ya lallaɓa har gindin lemun shi kaɗai. Ya miƙa hannu zai shafa reshe kamar yadda ya saba, ƙaya ta shige masa tafi.

Bai yi ko tsaki ba. Ya tsinki ganye ya murza ya kai hanci. Sannan ya durƙusa a cikin taɓo, da gwiwoyin nan nasa da ko sallah a zaune yake yi, ya bi jikin itacen da yatsu har ƙasa. Ya samu kututturen. Ya dawo sama ya samu ledar mai dashe. Ina tsaye ina kallonsa, jini yana bin hannun rigarsa.

Ya tambayi wa ya ɗaure leda. Na ce ni na sa aka ɗaure. Ya tambayi wa ya ce akwai rina. Na ce ni ce. Ya tambayi wa ya daɗe yana nacin a ba shi zarto. Wannan bai jira amsata ba.

Na gaya masa gaskiya, Auta. Kada ka zaci na rufa maka asiri, ban rufa ba. Na faɗa masa yadda ka ga kore ka bari, ka ga rawaya ka sare, da yadda na kwashi rassan a buhu, da dashen da ka aiko. Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Auta da hannuna na koya masa. Ke dai kin samu zarton bayan tafiyarsa, kin ce bari ki gyara. Ɓarnar ba ta yi mini ciwo ba kamar yadda kika ɗora wa ƙaninki don ba ya nan." Maigidana ya sa baki, Baba ya ce masa ai miji bayan matarsa zai bi. Na ce a kira ka a waya yanzu. Na kira ta yi ta ringi ba ka ɗauka ba, Baba ya ce in bar yaro yana wurin aiki.

Ni na cire masa ƙayar da allurar ɗinkina. Ya miƙo mini hannun, ya kau da fuska.

Jiya mai dashe ya zo ya kwance ledar. Idanun duka sun yi baƙi, suna faɗowa da kansu. Ya ce in yi haƙuri, ko ladan aikinsa bai karɓa ba. Rassan buhu kuwa sun bushe tuni. Shi ke nan, lemun Inna ya ƙare. Abin da ya rage mai ƙaya ne, kuma da ruwan nan da ya sha sai ƙara kyau yake yi.

Ban gaya wa Baba wannan ba, don bai tambaye ni ba. Tun ranar ba ya kiran sunana. In yana son ruwa sai ya ce a ba shi ruwa, kamar da bango yake magana. Yana cin abincina, yana shan maganin da na miƙa masa, iyakar abin da ke tsakaninmu ke nan. Na yi kuka har na gaji, yanzu kukan ma ya daina zuwa.

Yau da safe ya ji ƙarar takarda, ya tambaya ko kai ake rubuta wa. Na ce e. Ya ce to a sa masa nasa saƙon, kuma kada a canza ko kalma ɗaya. Ga shi:

"Auta, ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Bayan tafiyarka yayarka ta lalata lemun mahaifiyarku. Kada ka yi mata faɗa, rashin sani ne. In ka samu sarari ka zo ka duba, na san kai za ka iya gyara shi."

Ya sa na karanta masa abin da na rubuta, na karanta. Ya ce daidai ne, in rufe.

Ka gaida maman yara da yaran.

Wadda ta lalata lemun,
Yayarka.