Bangon Littafina a Cikin Motar Soja

Laraba, bayan isha'i

Yau na tabbatar ƙarfe na aura. Wata huɗu ke nan gawar tsohuwar motar sojan nan tana bakin gonar gero, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, Maigida kuwa "Hajiya" yake ce mata. Yanzu akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya ya kwance. Ya baje haƙoran a tabarmata yana wanke su da kalanzir ɗaya bayan ɗaya. Ni ko satin bikinmu ban ga irin wannan lallashi ba.

Da la'asar na nemi littafin da na aro wurin Anti Rabi, saura shafi shida in ji ko saurayin zai dawo. Na same shi tsirara. Wai kaurin bangon ya yi daidai da gasket, shimfiɗar nan da ke hana mai yoyo a akwatin giyar, shi ne ya yanka ya liƙa. Shafukan ƙarshen kuma ya ƙunshe notoci a ciki, sun sha baƙin mai.

Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Haba amarya, ai duk ƙarshensu ɗaya ne. Aure za su yi."

Jibi Anti Rabi za ta aiko a karɓa. Da wane ido zan dube ta?

Na ɗauke ƙaramin haƙori ɗaya na ɓoye a kwallar jerena, ba zai fito ba sai sabon littafi ya zo daga Kano. Tun magariba yake rarrafe a tsakar gida da tocila. Da ya tambaye ni na ce, "Sa wani mana, ai duk ƙarfe ɗaya ne."